Zumunta a Ƙafa Take, Amma Ƙafar Wa? Tarihin Sallar Yara a Birnin Kano

Duk wanda ya tambayi Bakano tarihin Sallah, da doki zai fara masa. Zai lissafo Hawan Idi da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, ya kai shi Ɗorayi ko Fanisau, ya gaya masa wane hakimi ke bin wane, da inda 'yan bindiga ke tsayawa, da inda 'yan lifidi ke wucewa. Ba laifi, abin alfahari ne, tunda a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa.

Sai dai akwai wani jerin gwanon da ake yi a wannan rana, wanda ba a buga masa tambari, ba a kuma taɓa rubuta sunayen masu yin sa ba. Shi ne na ƙananan yara cikin sabon ɗinki, kowa da kwano a ka, suna ratsa lunguna daga gidan gwaggo zuwa gidan kawu. Mu da muka taso a cikin badala a shekarun 1970 da 1980 mun yi wannan hawa a ƙasa, wani lokacin da takalmi a hannu saboda ya ci mana dunduniya. Yau mu ne iyayen, wasunmu har sun fara ɗaukar jika. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ba su dai faɗi ƙafar wa ba. Idan aka bi tarihin gidajenmu a hankali, za a tarar ƙafar yara ce.

Idi a fili, mata a ɗaki

Kundin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya nuna cewa Wangarawa ne suka kawo Musulunci fada a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Bayan kusan shekara ɗari aka yi Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Kundin ya jera abubuwan da Rumfa ya fara: gina gidan sarautar da har yau ake kira da sunansa, kafa Kasuwar Kurmi, busa kakaki, riƙe figini, sa takalmin gashin jimina. A cikin jerin akwai abubuwa biyu da suka fi shafar maganarmu. A zamaninsa aka fara sallar Idi a Kano, a Shadakoko, kuma shi ya fara kulle.

Na farko ya fitar da maza fili, na biyu ya zaunar da mata a cikin gida. Da farko kulle abin fada ne da gidajen malamai da attajirai. Ya ƙara ƙarfi bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, bauta ta riƙa mutuwa sannu a hankali, matan da a da suke noma a matsayin bayi suka bar gona suka koma ɗaki, domin zaman gida shi ne shaidar 'yanci a lokacin. Ta haka kulle ya sauko har gidan talaka.

Amma zaman ɗaki bai hana matan nan hulɗa ba. Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954. Wanda ya karanta zai ga duniyar mata cike take da ƙawance da biki da gudummawa, yau ki kai, gobe a kawo miki. To, wa ke kai wa? A ƙarshen shekarun 1970 wata mai bincike, Enid Schildkrout, ta zauna a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal tana nazarin aikin yara, ta tarar su ne masu talla, su ne masu cefane, su ne masu kai saƙo da kuɗin biki da na adashi. Macen da ba ta da ɗa a gabanta sai ta karɓi riƙo. “Ba shiga” da ake rubutawa a ƙofar zaure ta baligi ce. Yaro kuwa babu gidan da ke rufe gare shi, daga zaure har ƙuryar ɗaki. Wannan aiki yara suke yi kullum, ranar Sallah ce dai ake yi masa ado.

Daga goma ga wata

A wurin yaro Sallah ba ranar Idi take farawa ba. Tun ana sahur muke naci a tashe mu, mu kai azahar muna lasar leɓe, kaka ta ce mu sha ruwa, za ta ɗinke mana rabin yau da rabin gobe su zama guda. Da azumi ya kai goma sai tashe ya kankama. Bayan an sha ruwa mu yi gemun auduga, mu shafa bula ko baƙin tukunya, mu cusa tsumma a riga ya zama tumbi, mu bi gida-gida. Maza su yi Jatau mai magani ko Macukule, mata su yi Samodara, manya kuma su bi Nalako a je a tsokani gwagware. Abin da aka samu, gero ko dawa ko 'yan kuɗi, a tara wurin wata uwa a unguwa har jajiberi a raba. A tashe yaro ke fara sanin ƙofofin unguwarsu ɗaya bayan ɗaya, da gidan da ake kyauta, da gidan da sai dai a ce Allah ya ba da haƙuri.

Ana gab da Sallah maigida ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya sa a kawo buhun hatsi, ya fara awon zakkar fidda kai, mudun Nabi huɗu a kan kowane rai, yana kiran suna. Mukan tsaya mu ji an zo kanmu. Har jinjirin da ke goye sai an auna masa. Nan ne karo na farko da yawancinmu muka gane cewa ana lissafi da mu a gidan. Mu ne kuma za a ɗora wa ƙwaryar mu kai wa tsohuwar da aka nufa da ita.

A zamanin kakanninmu ƙarar bindiga daga fada da kiɗan tambari ne ke shaida cewa wata ya tsaya. Bayan an buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, sai aka koma kewaye akwatin rediyo ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi. Yau saƙon kan riga kowa shigowa ta waya. Ihun da yara ke yi idan an ce an ga wata ne kawai bai canza ba.

Sabon ɗinki

Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya tarar da gari mai rayuwa a kan tufafi. Mata na kaɗi da mazari, masaƙa na fitar da ƙwarya siririya, marina irin ta Ƙofar Mata na turawa a baba, mabuga na ɗauko sheƙi, fatake na kai kayan har Tambutu da Gat da Tarabulus. Duk da haka sutura tsada gare ta, domin kowane zare da hannu aka murza shi. Riga dukiya ce, ana gadonta, ana jinginar da ita. Ƙaramin yaro bante ya ishe shi, yarinya kuma ɗan fatari da jigida. Saboda haka sabuwar taguwa ko sabon zanen saƙi sau ɗaya a shekara ba ƙaramin abu ba ne, kuma Sallah ake jira a yi shi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, kuɗi suka shiga hannun manoma da 'yan baranda. Akoko da alawayyo da atamfa suka cika kantunan kamfanonin Turawa da na Kwarawa a Fagge, inda ya zama Kantin Kwari. Keken ɗinki ya shigo, tela ya samu wurin zama a rayuwar kowane gida. Da yake watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, akwai yaran da suka taso Sallah na faɗowa da kaka, an sayar da gyaɗa, aljihun uba da nauyi. Akwai kuma waɗanda tasu ta faɗo da bazara ko tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, sai dai a wanke ta bara a kai wa mabugi. Idan tsofaffi biyu suna gardama a kan ko Sallar da ta fi daɗi, sau da yawa bambancin ke nan.

A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Atamfar da aka ɗinka wa yayyenmu mata da audugar Funtuwa da Gusau aka saƙa ta. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya sa ma'aikaci ya iya yi wa ɗa kala biyu ko uku, har da takalmin Bata. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, naira ta faɗi, iyaye da yawa suka san hanyar 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, kayan Sin suka mamaye Kwari. Wanda ya jera hotunan Sallar gida ɗaya na shekara hamsin zai iya karanta duk wannan a jikin yaran.

A gidajenmu uba kan yanko yadi ɗaya ne a raba wa kowa, mu fito kamar 'yan makaranta. A gidan da ke da mata biyu ko uku hikima ce, domin ba wadda za ta ce an fifita ɗan wata. Tela kuma a ja masa kunne ya sake ɗinkin, yaro ya girma da shi, shi ya sa a hotunanmu hannun riga ya haɗiye yatsu, wando kuma an naɗe shi sau uku. Daren jajiberi mata na layin kitso, ƙafafu a ɗaure cikin ƙunshin lalle da ganye da tsumma, maza an kai su wurin wanzami, mai tukku a gyara masa tukkunsa. Sauranmu muna shagon tela, muna gyangyaɗi a kan benci, shi kuwa yana ta rantsuwa cewa saura maɓalli. Akwai shekarar da wasunmu suka je Idi da rigar da ba a kashe bakinta ba, alli na nan raɗau a wuya.

Kwano a ka

Da asuba a yi mana wanka da ruwan ɗumi, a ranbaɗa mana kwalli, a ɗiga mana Bintu Sudan. Uba ya riƙe hannun ƙarami, manya su ɗauki tabarma da buzu, a nufi filin Idi na Ƙofar Mata ana kabbara, a dawo ta wata hanyar daban. Wanda ya yi sa'a a ɗora shi a wuya ya hango laimar Sarki Ado Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014, har da yawanmu muka girma muna zaton shi da Sallah tare aka halicce su.

Kafin mu dawo iyaye mata sun gama aikin da suka kwana yi. Tuwon shinkafa da miyar taushe, waina, funkaso, ga alkaki da nakiya da dubulan da aka yi tun kwana uku. Shinkafa da miya da soyayyar kaza da lemon kwalba daga baya suka shigo. Mazubin ma yana da nasa tarihin: kakanni sun aika a akushi da ƙwarya an rufe da faifai, iyayenmu suka aika a langa da fanteka da samira, ƙannenmu suka ɗauki kula.

Daga nan uwa ta zauna a bakin murhu ta fara rabo, ba takarda ba alƙalami, amma ba ta mance kowa. Ta san kwanon da ya dace da surukai da yawan naman da za a sa, ta san na ungozomar da ta yanke mana cibiya, da na malamin allo, da na maƙwabciyar da mijinta ya rasu bana. Sai ta kira mu ɗaya-ɗaya:

“Kai, wannan na Gwaggo ne a Yakasai. Ka bi ta bakin masallaci, ban da tsayawa kallon doki. In ka shiga ka durƙusa har ƙasa, ka ce ina gaishe ta, an yi Sallah lafiya, ga wannan ba yawa. Ka ji ko? To maimaita.”

Mu maimaita, a ɗora mana gammo. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai, wani lokacin da ƙaninsa riƙe da gefen rigarsa, ya ratsa Mandawari ko Soron Ɗinki ko Alfindiki shi kaɗai, ba wanda hankalinsa ya tashi, domin duk zauren da ya wuce akwai wanda ya san ɗan gidan wane ne. Idan gidan kaka ne, tun daga soro za ta fara: “Ah, maigidan ne da kansa? Shekara guda ba cefane, sai yau ka zo mini da tuwo?” In mace ce ta ce ga kishiya ta zo ƙwace mata miji. A juye tuwo, a wanke kwano, a zuba na gidan, domin kwano ba ya komawa wayam. Sannan a kwance bakin zane a ba ɗan aike tukuici.

A wannan zirga-zirga muka koyi abin da ba a koyarwa a aji. Muka san gwaggo 'yar'uwar uba ce, kawu ɗan'uwan uwa, baffa na wajen uba, inna ta wajen uwa. Muka san taubashin da za a tsokana da surukar da ake sunkuyar wa kai. Muka san cewa gidan nan mai katangar da ta zube, da gidan benen can, kakansu ɗaya.

Akwai kuma aikin da muka yi ba mu san mun yi ba. Mata biyu 'yan'uwa za su yi wata shida ba sa ga-maciji, ranar Sallah ɗaya ta ɗora wa yaro kwano. In ya dawo da tuwon can gidan, magana ta wuce, ba wanda ya ba wani haƙuri da baki. Yaron da aka rabu da uwarsa, yana hannun kishiya ko kaka, ranar Sallah ce ba a hana shi zuwa gidan da take aure. Ta duba kitson ko askin, ta juya wuyan rigar ta ga ɗinkin, ta tambaye shi ko yana ƙoshi, ta ƙulle masa wani abu a gefen aljihu ta ce kada ya nuna wa kowa. Waɗanda suka yi wannan tafiya a cikinmu har yau ba su cika son ba da labarinta ba.

Daga wuri zuwa lambar asusu

Sunan “goron Sallah” ya samo asali ne daga goron kansa, wanda fataken Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suke ɗaukowa daga Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, tafiyar watanni a kan jakuna. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da wannan fatauci ya fara. Goro na manya ne, yaro kuwa a ba shi wuri. A zamanin da Barth ya zo, wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa ɗaya, ke nan wuri biyar ko goma a tafin yaro kyauta ce da ba ta gagari kowa ba.

Turawa suka kawo kuɗin ƙarfe. Anini goma ne kwabo, ɗari rabin kwabo, taro kwabo uku, sisi kwabo shida, sule kwabo goma sha biyu. Anini da ɗari da kwabo duk da huda a tsakiya, iyayenmu sun ba mu labarin yadda suke zira su a zare su ɗaura a ƙugu, suna tafe suna ƙara. Ran 1 ga Janairu 1973 aka koma naira da kwabo, amma tsofaffin sunaye suka ƙi tafiya, kwabo goma ya gaji sunan sule, kwabo biyar ya zama sisi. Mu 'yan sule da sisi ne. A 1977 aka fito da takardar naira ashirin mai hoton Janar Murtala, yaron da aka ba Murtala guda ranar Sallah sai unguwa ta ji labari. Naira hamsin ta fito a 1991, ɗari a 1999, dubu a 2005, kowace ta zo da girmanta, ta kuma zube a idon yara cikin 'yan shekaru.

Da yamma a zauna a zazzage aljihu a ƙirga. Wani kaso ya tafi wurin mai alewa da gullisuwa da hanjin ligidi, wani ya tafi hayar keke da bindigar ruwa da tabarau na roba. Wanda ya tara da kauri ya bi yayyensa Gidan Zoo, wanda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, ko a je situdiyo a ɗauki hoto an dafa fulawar roba. Ragowar a jefa a asusun ƙasa, ko uwa ta ce, “Kawo in ajiye maka.” Har yau ba mu ji wanda aka mayar wa ba, ko da yake da muka girma mun gane inda suka shiga: sabulu da man shafawa da littafin makaranta. Kwana biyu bayan hawa kuma sai mu yanko kara mu yi dawakai, mu yi musu ado da ƙyallayen da muka tsinto a shagon tela, a naɗa sarki da galadima, a yi hawan dokin kara a lungu.

Babbar Sallah ita ma ba ta tafiya sai da yara. Mu ne masu ba rago dusa da harawa, mu raɗa masa suna, ranar yanka ƙaramin cikinmu ya ɓuya a ɗaki yana kuka, da yamma kuma a gan shi da tsinken hanta. Gidan da ba su da halin rago su shiga watanda. Kashegari a sauke naman da ya kwana a rataye, a kasa shi, mu sake ɗaukar faranti mu bi ƙofofin nan dai da muka bi wata biyu da kwana goma da suka wuce.

Abin da ya canza

Kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba tata ba. A kowace Sallah akwai yaron da ya laɓe a bayan ƙyaure saboda ba a yi masa ɗinki ba. Akwai waɗanda suka ɓata a cikin taron hawa, sai an kai cigiya gidan rediyo ko gidan mai unguwa. Aiken nan da muke yabo, shi ne kuma ya hana 'yan mata da yawa zama a aji, tun ma kafin shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 da bayansa. Yau 'ya'yanmu mata suna makaranta, iyayensu mata da yawa suna fita aiki, suna zuwa gaisuwa da ƙafarsu, wanda ke Legas ko Madina kuma ana ganin fuskarsa a waya. Ba mai hankalin da zai ce a mayar da wannan baya.

Amma garin ya buɗe. Barth ya ƙiyasta mazauna Kano da kimanin 30,000, yau ana maganar miliyoyi. Gidan gado ya watse, wani yana Rijiyar Zaki, wani Hotoro, wani Na'ibawa, tafiyar da ƙafar yaro ba za ta iya ba. Tsoro kuma ya shigo. Harin 20 ga Janairu 2012 ya kawo shingaye da dokar hana fita. A 2019 aka gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai su kudancin ƙasar nan, duk uwar da ta ji labarin ta ƙara jan ɗanta jiki. A 2020 korona ta hana hawa da ziyara. Tashe ma 'yan sanda sun sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi, a 2024 da 2025 kuma an yi Sallolin da aka hana hawa saboda rikicin masarauta. Bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, uban da ke da 'ya'ya biyar sai ya yi lissafin kuɗin A Daidaita Sahu kafin ya ce a je gaida gwaggo.

Sai muka samo hanya mai sauƙi. A tura saƙon barka da Sallah a zauren WhatsApp na dangi, kawu ya ce a turo lambar asusu, kuɗin su faɗo wayar uba, a kai yara wurin wasa ko babban kanti, a yi hoto a ɗora. Kuɗin sun iso, har sun fi na da yawa. Sai dai yaron bai ga fuskar wanda ya ba shi ba, bai durƙusa ba, bai san ƙofar gidan ba. Sakamakon muna ganinsa a wurin ta'aziyya, inda za a ga samari biyu jikokin mutum ɗaya suna zaune a tabarma ɗaya, sai an gabatar da su ga juna. Ranar da mu masu gabatarwar muka kau, wa zai yi?

Ba za mu ce a saki ɗan shekara shida ya ratsa Kano ta yau shi kaɗai ba. Amma tsofaffin nan da suka ba mu sule da sisi, kaɗan daga cikinsu suna nan, a ɗakunan da muka sani, kuma ranar Sallah suna kasa kunne su ji sallamar yara. Abin da wasunmu suka fara yi shi ne a zaɓi gida biyu ko uku, a sauka daga mota tun daga bakin lungu, a ɗora wa yaro kula, a koya masa abin da zai faɗa, uba ko uwa su biyo shi a baya, su bar shi ya yi sallama da bakinsa. Zai yi in-ina, zai mance rabin saƙon, wataƙila ma miya ta zuba a sabuwar shadda. Gwaggo za ta kamo hannunsa ta matso da shi kusa da idonta, ta ce, “Wannan ɗan wa ne?” A bari shi ya ba ta amsa.